Motar Wa Za a Fara Yi wa Caji?

A ƙarshen shekarar 2017 birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala wani aiki da babu birnin da ya riga shi a duniya: duk bas-bas ɗinsa na haya, sama da 16,000, sun koma aiki da batir. A daidai wannan lokaci birnin Oslo na ƙasar Norway ma yana shan yabo, amma ta wata fuskar, domin shi motocin gida ya sa a gaba. Idan ana lissafa biranen da suka yi fice a harkar motoci masu lantarki, tare ake jero waɗannan biyu. Ni kuwa a ganina ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma abin da ya raba su ya fi abin da ya haɗa su muhimmanci. Ɗaya ya fara da motar da talaka ke shiga, ɗayan ya fara da motar da mai hali ke saye.

Galibin rahotannin da ke gwada birni da birni ƙidayar wuraren caji suke yi: wancan yana da dubu kaza, wannan bai kai ba. Ƙidaya ce mai sauƙi, kuma tana yi wa 'yan siyasa daɗi, tunda kowane turken caji ana iya tara jama'a a buɗe shi a ɗauki hoto. Sai dai ba ta gaya maka wa ke amfani da turken, nawa yake biya, da wane lokaci wutar ke isarsa, da kuma mutum nawa motar da aka caja take ɗauka a yini. Waɗannan su ne tambayoyin da ke nuna inda hukumar birni ta sa gaba.

Kafin a shiga biranen, ya kamata a san abin da ya bambanta caji da shan mai. A gidan mai minti biyar ya isa. Caji kuwa iri biyu ne. Akwai mai tafiya a hankali, na kilowat 7 zuwa 22, wanda ke ɗaukar sa'o'i, galibi dare guda. Akwai kuma mai sauri, daga kilowat 50 zuwa 350, wanda cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka yake cika yawancin batirin. Na farkon yana da araha amma yana buƙatar wurin da mota za ta kwana. Na biyun ba ya cin lokaci amma yana cin wuta: tasha mai bakin caji goma, kowane na kilowat 150, idan duk suna aiki lokaci guda, megawat ɗaya da rabi take ja, kuma sai an yi mata taransifomarta. Saboda haka duk birnin da ya shiga wannan harka abu biyu yake rabawa ko ya sani ko bai sani ba, wato filin titi da wutar lantarki. Dukkansu kuwa na jama'a ne, kuma ba sa isar kowa.

Labarin Norway ya fara ne da taurin kai. A 1989 wani ɗan gwagwarmayar muhalli, Frederic Hauge, da mawaƙin nan Morten Harket da abokansu suka shigo da wata ƙaramar Fiat da aka mayar mai lantarki. Suka riƙa ratsa shingayen karɓar kuɗin hanya na Oslo ba sa biya, ana cin su tara suna ƙi, ana ƙwace motar, ana sake sayo musu ita. Daga baya gwamnati ta sakko. Aka yafe wa motoci masu lantarki harajin shigowa, a 1997 aka yafe musu kuɗin hanya, aka ba su wurin fakin kyauta, a 2001 aka cire musu harajin VAT, sannan aka ba su damar bin layin da aka keɓe wa bas. A ƙasar da harajin motar fetur kan yi nauyi ƙwarai, wannan ya sa mai lantarki ta zama zaɓin mai lissafi. Kwalliya kuma ta biya kuɗin sabulu: a 2024 kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka saya a ƙasar masu batir ne zalla.

Ban raina wannan nasara ba. Amma a duba abin da aka gina ta a kai. Kusan duk wutar Norway daga ƙarfin ruwa take zuwa. Mutane da yawa suna da gareji ko farfajiya, don haka a gida suke caji da dare. Waɗanda ke zaune a gidajen bene na tarayya kuma doka ta ba su haƙƙin neman a kafa musu wurin caji, hukumar Oslo na taimakawa da wani ɓangare na kuɗin wayoyin. Ita kuwa gwamnatin da ta iya yafe harajin shekara da shekaru, gwamnati ce da ke sayar wa duniya ɗanyen mai da iskar gas, tana tara ribar a asusun da ke cikin mafi girma a duniya. Ba kowace ƙasa ce za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba, kuma duk wanda ya ce a kwafi Norway ya fara nuna mana asusunsa.

Akwai kuma abin da masu yabo ba su cika faɗa ba. Rangwamen haraji wanda ya fi sayen mota mai tsada shi ya fi mora. Wanda ba shi da mota, wanda ke shiga bas ko ya hau keke, ko sisi bai samu ba. Har ma ya yi asara, domin da motoci masu lantarki suka yi yawa sai suka cika layin bas, fasinjoji masu yawa a mota ɗaya suna jiran mutum ɗaya a tasa motar. Hukumomi suka fara ja da baya: aka ce sai da fasinja a lokacin cunkoso, a 2024 kuma aka fitar da su daga layukan bas na manyan hanyoyin Oslo da kewaye. A 2023 ma aka dawo da VAT a kan duk abin da ya haura kurona 500,000 na farashin mota. Abin da ya fi canza tsakiyar Oslo a waɗannan shekaru bai da alaƙa da caji. Majalisar birnin ta cire wuraren fakin kusan 700 daga tsakiyar gari, ta mayar da su hanyar kekuna da wuraren zama, ta rage gudun motoci. A 2019 ko mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa ko mai keke mota ba ta kashe ba a birnin. Batir ba ya yin wannan aiki.

Amsterdam ta fuskanci matsalar da Oslo ba ta sha sosai ba: yawancin mazaunanta ba su da gareji, a bakin titi motocinsu ke kwana. Dabarar da suka fito da ita tana burge ni saboda sauƙinta. Maimakon injiniya ya zauna a ofis ya zana inda yake tsammanin za a buƙaci caji, sai aka bar buƙata ta nuna kanta. Mazaunin da ya sayi mota mai lantarki, kuma ba shi da wurin ajiyewa na kansa, yakan nemi a kafa turke kusa da gidansa. Idan aka duba aka ga na unguwar sun yi kaɗan, sai a kafa, ba tare da ya biya kuɗin kafawa ba. Turken ba nasa ba ne, na kowa ne, amma an tabbata tun ranar farko yana da mai amfani da shi. Da irin wannan tsari ƙasar Holan ta zama wadda ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan wuraren caji na jama'a.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Yanzu wayoyin wutar Holan ne suka cika. A yankuna da dama sababbin masana'antu da shaguna na jiran layi kafin a haɗa su da wuta, saboda layukan ba za su ɗauki ƙari ba. Lokacin da ya fi tsanani shi ne yamma, sa'ad da mutane suka dawo daga aiki, kowa ya kunna girki da na'urar ɗumama ɗaki, kowa kuma ya jona motarsa. Shi ya sa Amsterdam ta gwada turakun da ke rage ƙarfin caji da yamma su ƙara shi cikin dare, Utrecht kuma tana gwada motocin haya na tarayya waɗanda batirinsu ke mayar wa layi da wuta idan buƙata ta yi yawa. Ƙasa mai arziki da wutar da ba ta ɗaukewa ta gano cewa kafa turke shi ne ɓangare mai sauƙi. A kuma tuna cewa a wannan ƙasa ɗin ne tashar jirgin ƙasa ta Utrecht ke da wurin ajiye kekuna 12,500, Amsterdam kuma tun 2019 take rage wuraren fakin da dubbai. Suna kafa caji da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana rage motocin baki ɗaya.

Landan ce ta fi fito da rashin adalcin da ke ɓoye cikin lamarin. Birnin ya yi dabara mai kyau ta sa bakin caji a jikin turakun fitilun titi, tunda wuta na nan a ciki, ba sai an haƙa titi ba. Ya kuma daɗe yana karɓar kuɗi daga masu mota: kuɗin cunkoso tun 2003 a zamanin magajin gari Ken Livingstone, sai kuɗin hayaƙi na fam 12.50 a yini da aka fara a 2019, wanda magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa zuwa dukan birnin a Agustan 2023 duk da hayaniyar da aka yi. Dalilin ba na wasa ba ne. A 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe Ella Adoo-Kissi-Debrah, yarinya 'yar shekara tara da ta rasu a 2013 tana fama da asma. Amma ga inda gizo ke saƙa. Mai gida da farfajiya yana caji da wutar gidansa a farashin dare mai rahusa, ana cire masa VAT na kashi 5. Mai haya a bene, wanda dole ya je turken titi ko tashar sauri, VAT na kashi 20 yake biya, a kan farashin da wani lokaci ya kusa ninka na gida sau goma. Mota iri ɗaya, hanya ɗaya, amma marar gareji shi ya fi biya.

Faris kuwa ta taɓa ƙonewa. A 2011 ta ƙaddamar da Autolib', dubban ƙananan motoci masu lantarki na haya da wuraren cajinsu a titi, tare da kamfanin Bolloré. A 2018 tsarin ya rushe saboda asara da rigimar wanda zai biya ta. Abin da ya dawwama daga zamanin magajiyar gari Anne Hidalgo shi ne hanyoyin kekuna da titunan da aka ƙwace daga motoci, irin su Rue de Rivoli. A Fabrairun 2024 mazauna birnin suka jefa ƙuri'ar ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motoci masu nauyi na baƙi, kuma masu lantarkin da suka wuce tan biyu ba su tsira ba. Wannan ya yi daidai. Mota mai batir ta fi takwararta mai fetur nauyi, tayoyinta na goge titi suna tayar da ƙura, kuma filin da take cinyewa a gosulo daidai yake da na kowace mota.

Mu koma Shenzhen, inda nake ganin an fi yin lissafi mai ma'ana. Motar gida a Turai takan yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a yini, sauran lokacin tana tsaye. Bas ɗin birni kuwa yakan yi kusan kilomita 200, yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, yana ƙona dizal a daidai inda jama'a suka fi cunkushewa. Batir ɗaya a cikin bas yana kawar da hayaƙin da sai an sauya motocin gida masu yawa kafin a kai shi. Bas kuma yana da wata falala: an san hanyarsa, an san lokacin tashinsa, an san inda zai kwana. Ba sai an watsa turaku a kowane lungu ana fatan wani zai zo ba. A garejin bas ake kafa caji, a yi shi da dare lokacin da wuta ta fi araha kuma layi ba shi da nauyi.

Ba da baki aka yi wannan ba. Tun 2009 gwamnatin Sin ta zaɓi wasu birane don gwajin motoci masu sabon makamashi, Shenzhen na ciki. Gwamnatin tsakiya da ta birni suka ɗauki babban kaso na kuɗin kowane bas. Kamfanonin sufuri ba su sayi komai da kuɗi a hannu ba, hayar motocin suka yi, aikin kafa caji da kula da shi kuma aka ba wasu kamfanoni daban. Kamfanin BYD da ya ƙera yawancin motocin a cikin birnin yake, don haka tallafin bai fita waje ba, masana'antar gida ya raina. Da aka gama da bas sai aka juya ga tasi, kusan 22,000, waɗanda su ma zuwa farkon 2019 kusan duk sun koma lantarki. A nan an sha wahala, domin direban tasi lokacinsa shi ne kuɗinsa, kuma a farkon lamarin sun yi ta kukan dogon layi a wuraren caji. Su kuwa masu motocin gida, da lambar mota aka ja hankalinsu. Tun ƙarshen 2014 samun lambar motar fetur a Shenzhen sai ta ƙuri'a ko gwanjo, ta mai lantarki kuwa ba wuya.

Masu suka za su ce fiye da rabin wutar Sin daga kwal take, kuma gwamnatin da ba ta jiran ƙuri'ar kowa tana iya umartar kamfanoni yadda ta ga dama. Duka gaskiya ne. Amma hayaƙin ya bar hancin mai jiran mota a bakin titi, kuma layin wuta ana iya tsabtace shi sannu a hankali ba tare da an sake sayen bas ba. Game da batun mulki kuwa, Santiago babban birnin Chile ya nuna cewa ana iya yin irin wannan a inda ake zaɓe kuma baitulmali ba ta cika ba. Matsalar bas mai lantarki ita ce tsadar saye, ribarsa kuma sai a hankali take fitowa ta hanyar arahar wuta da ƙarancin gyara. Ƙananan kamfanonin sufuri ba su da jarin jira. Sai kamfanonin wuta irin su Enel da Engie suka sayi motocin da na'urorin caji, suka ba masu sufuri haya, hukuma kuma ta lamunce cewa daga kuɗin tsarin sufurin za a riƙa biyan hayar, ko da kamfanin da ke tuƙa motocin ya canza. Ɗari na farko sun hau titi a Disambar 2018. Cikin shekara biyar sun haura 2,000. Bogota a Kolombiya ma ta bi sahu da kusan 1,500. Abin da suka ƙirƙiro ba na'ura ba ce, yarjejeniya ce da ta raba wanda ya mallaki mota da wanda ke tuƙa ta.

A nahiyarmu wurare uku sun ɗauki hanya uku. Habasha ta yi abin da ko Norway ba ta yi ba: a farkon 2024 ta hana shigo da motocin gida masu fetur da dizal. Dalilinta na aljihu ne. Tana kashe biliyoyin daloli kowace shekara wajen shigo da mai alhali tana fama da ƙarancin kuɗin waje, ga kuma babbar madatsar ruwanta a kan kogin Nilu mai ƙarfin sama da megawat 5,000, wadda aka buɗe a hukumance a Satumbar 2025. Lissafin yana da kyau a takarda. A ƙasa kuwa doka ta riga shiri. Wuraren cajin jama'a kaɗan ne, kusan duk a Adis Ababa, wuta na ɗaukewa, kanikawan da suka san motocin da kayan gyaransu sun yi ƙaranci, kuma kusan rabin 'yan ƙasar ba su da wuta a gida. Birnin ya riga ya ga irin wannan da jirginsa na cikin gari mai lantarki da aka buɗe a 2015, wanda da yawa daga cikin taragunsa suka tsaya saboda rashin kayan gyara.

Dakar ta bi hanyar da na fi yarda da ita. A Mayun 2024 bas-bas ɗinta masu lantarki suka fara ɗaukar fasinja a kan hanyar da aka keɓe musu su kaɗai, mai tsawon kusan kilomita 18 da tashoshi 23, daga Guédiawaye zuwa Petersen a tsakiyar gari. An tsara ta ne don ta rage tafiyar da kan ci sa'a ɗaya da rabi zuwa minti 45. A lura da kyau: ba batir ne ya rage lokacin ba, layin da aka hana wasu motoci shiga ne. Da bas ɗin dizal aka sa a wannan layi shi ma zai yi saurin. Batirin ya ƙara tsabtar iska da rage kuɗin mai a kan gyaran da aka riga aka yi wa titi. Wannan shi ne jerin da ya dace: a fara raba titi, sannan a zo kan inji.

Kigali ita kuma ta kalli abin da ke ɗaukar mutanenta a zahiri, wato babur. Ɗan acaba ba zai tsaya sa'a uku yana jiran caji ba. Don haka kamfanoni irin su Ampersand suka kawo musanyar batir: ka shigo da wanda ya ƙare, a ba ka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin wutar ka wuce. Batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin, na kamfani ne, saboda haka farashin saye ya sauko. Duk wanda ya taɓa kai wayarsa shagon mai caji a kasuwa ya karɓi lamba ya san wannan ciniki, bambancin kawai shi ne a nan ba ka jira. Da abin ya kankama, sai gwamnatin Ruwanda ta daina yi wa sababbin baburan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. Nairobi ma tana kan wannan turba da bas-bas ɗin BasiGo da baburan Roam, ga wutar da mafi yawanta daga tururin ƙarƙashin ƙasa da ruwa da iska take, ga kuma farashi na musamman da aka ware wa cajin ababen hawa, mai rahusa da dare.

Akwai gargaɗi daga Delhi ga duk wanda ke ganin kasuwa kaɗai ta isa. Kekuna masu ƙafa uku na lantarki sun mamaye birnin ba tare da wani shirin hukuma ba, don suna da araha kuma talaka na samun abinci da su. A 2014 babbar kotun Delhi ta dakatar da su saboda babu dokar da ta san da zamansu, sai a 2015 majalisa ta halatta su. Yawancinsu da batirin dalma suke aiki, wanda ba ya daɗewa, kuma ana yawan yi musu caji a lunguna da wutar sata da wayoyi tsirara, har ana rasa rayuka. Buƙata ta zo, hukuma ba ta tanadi wurin caji ba, sai mutane suka tanadar wa kansu yadda suka iya.

Wannan magana ta shafe mu tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai a Najeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a shekarar da ta biyo. Ƙasar da ke da mutane sama da miliyan 200 amma babban layinta bai cika raba fiye da megawat 5,000 ba, ba ta da hurumin mafarkin turken caji a ƙofar kowane gida. Motar lantarkin da aka caja da janareta mai dizal ba ta gyara komai ba, sai ma ƙarin asara a tsakani. Ƙoƙarin da aka yi ba a rasa ba. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, tasha ce ta gwaji da koyarwa. A Maiduguri, birnin da ya daɗe cikin duhu bayan an lalata turakun babban layinsa a 2021, Mustapha Gajibo ya fara mayar da ƙananan bas zuwa masu batir da ake caja su da rana, gwamnatin Borno kuma ta sa motocin haya masu lantarki a titi. Gajibo da gwamnatin Borno duka kan motar haya suka dosa, kuma sun dosa daidai.

A Kano, tun da aka hana acaba a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ce ke ɗauke da birnin. Direbanta yana yini a titi, mai na cinye babban kaso na abin da ya samu kafin ya kai balas. Shi ne mutumin da batir zai fi yi wa amfani, kuma shi ne wanda ba zai iya sayen batirin ba. Tsarin Kigali da yarjejeniyar Santiago sun fi dacewa da shi a kan duk abin da Oslo ta yi. Rabon gwamnatin jiha a nan ba sayo kekuna ta raba ba ne, don mun sha ganin inda irin wannan rabo ke ƙarewa. Nata shi ne ta ba da fili a tashoshin mota da bakin kasuwanni don rumfunan musanya masu faifan hasken rana, ta lamunce wa masu zuba jari yadda za a biya su, ta sa makarantun koyon sana'a su horar da kanikawa tun kafin kekunan su iso. Sai kuma abu biyu da har yanzu ko biranen gabashin Afirka ba su gama warwarewa ba. Batirin wannan kamfani ba ya shiga keken wancan, don haka direban da ya sayi keke ya zama ɗaurarren kamfani ɗaya, idan kamfanin ya ƙara farashi ko ya rufe sai keken ya koma ƙarfe. Kuma kowane batir yana da ranar mutuwa. Lasisin da za a ba kamfani ya kamata ya ƙunshi sharaɗin girman batir da bakin jona iri ɗaya ga kowa, da wajabcin karɓar matattun batira a mayar da su inda za a sarrafa, kafin su faɗa hannun 'yan gwangwan a fasa su a bayan gidajen mutane.